Me ya sa dusar ƙanƙara ke kwana uku a layinmu ba a kwashe ba? Yadda aikin yake a Montreal

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi da ya zo karatu Montreal, wanda wannan ne hunturunsa na farko a Kanada, ya yi tambaya kamar haka: "Dusar ƙanƙara ta daina zuba tun ranar Lahadi. Babban titi an share shi tas, kwalta har baƙi take yi, amma layinmu har yau tudu ne dama da hagu. Motar da ta zo ma ƙara turo mana ta yi bakin ƙofa. Abokin zamana kuma ya wayi gari babu motarsa, an ja ta, ga takardar tara. Rashin tsari ne, ko raina unguwar talakawa ne? Kuma me ya hana su zuba gishiri kowa ya huta?"

Ɗan'uwa, sannu da sanyi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni injiniyan hanyoyi ne, kuma aikin hunturu yana cikin abin da na daɗe ina ci da shi a lardin nan na Quebec, don haka bari in warware maka yadda abin yake daga ciki. Layinku yana cikin jerin gwano ne, kuma abin da ke tafiyar da jerin shi ne yawan tifa da nisan wurin juyewa. Ture dusar ƙanƙara daga tsakiyar titi aikin 'yan awanni ne. Fitar da ita daga cikin gari shi ne aikin kwanaki, kuma birane kaɗan ne a duniya suke yin sa da girman da Montreal ke yi.

Dusar da ke sauka a Montreal a hunturu guda takan kusa mita 2 idan aka tara ta. Tituna da hanyoyin masu tafiya a ƙasa da birnin ke kula da su sun kai kilomita 10,000, a rabe cikin gundumomi 19. A garuruwan da ke kudu da nan, irin su New York, in ta zuba yau, galibi bayan 'yan kwanaki yanayi ya sassauta ta narke da kanta. A nan kuwa matsakaicin sanyin Janairu yana wajen digiri 9 zuwa 10 ƙasa da sifili. Abin da ya sauka a Disamba, in ba a ɗauke shi ba, yana nan daram har Maris, na bayansa ya zo ya hau kansa. Ga kuma yadda aka gina tsofaffin unguwanni irin su Plateau, Rosemont, Villeray da Côte-des-Neiges: gidaje manne da juna, da yawa ba su da gareji, kowa a bakin titi yake ajiye mota. Babu filin da za a tura dusar a bar ta. Dole a loda ta a mota a fita da ita.

Bari in fara da gishiri, tunda shi ne abin da kusan duk sabon zuwa yake tambaya. Ana zuba shi, kuma da yawa: birnin kan cinye fiye da tan 100,000 a hunturu guda. A jirgin ruwa ake kawo shi ta kogin Saint-Laurent daga ma'adinai irin na tsibiran Madeleine da na Goderich a Ontario, a jibge shi a rumbuna tun kafin sanyi ya shigo. Da zarar titi ya fara santsi motocin watsa gishiri suke fita, tun kafin dusar ta taru. Sai dai amfanin gishiri shi ne ya hana ƙanƙara mannewa da kwalta, domin idan motar turewa ta zo ta iya kankare ta. Narkar da tudu ba aikinsa ba ne, kuma lissafin ne ya hana. A digiri 1 ƙasa da sifili, kilo ɗaya na gishiri zai iya narkar da kusan kilo 46 na ƙanƙara. A digiri 12 ƙasa da sifili, wannan kilo ɗin bai wuce ya narkar da kilo 5 ba, kuma a hankali. Idan sanyi ya zarce haka, gishirin yana nan a kwance a kan titi kamar tsakuwa, ba ya tsinana komai. Shi ya sa a ranakun tsananin sanyi za ka ga sun koma watsa ƙananan tsakuwa, zalla ko a gauraye da ɗan gishiri, don taya da takalmi su sami abin kamawa. Akwai wani sinadarin, calcium chloride, da ke aiki a sanyin da ya fi haka, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, don haka jiƙa gishirin kawai ake yi da shi.

Ko da a ce gishirin yana iyawa, ba za a so a yi ba. Gishiri yana cin ƙarfe. Yana ratsa kankare ya kai ga rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya tsage. Tsohuwar gadar Champlain da aka buɗe a 1962 ruwan gishiri ne babban abin da ya kassara ta, har sai da aka gina sabuwa aka buɗe a 2019, alhali tsohuwar ba ta cika shekara 60 ba. Ka duba ƙarƙashin duk motar da ta yi shekara goma a garin nan, za ka ga aikinsa. Sauran kuma yana gangarawa rafuka da ƙasar da bishiyoyin bakin titi ke ci. Tun 2001 gwamnatin tarayyar Kanada ta kammala binciken da ya nuna gishirin titi na cutar da muhalli, a 2004 kuma ta fitar da ƙa'idojin rage amfani da shi. Injiniyan da ya san aikinsa, ƙoƙarinsa kullum ya zuba mafi ƙarancin abin da zai wadatar.

Idan dusar ta kai santimita 2.5 a ƙasa, sai motocin turewa su fito. Manyan motoci masu faffadan ƙarfe a gaba da gireda suna bin titi, ƙananan motoci masu ƙafar katafila suna bin hanyar masu tafiya a ƙasa. Waɗannan ƙananan, in ka ji ƙararsu a bayanka ka ba su hanya, gudu suke yi fiye da yadda ido ke zato. Muddin dusar na zuba, haka za su yi ta zagaye dare da rana, su bi titi ɗaya sau da yawa. Burinsu guda ne a wannan mataki: motar asibiti, motar 'yan kwana-kwana da bas su sami wucewa, mai tafiya a ƙasa ya sami inda zai sa ƙafa. Mai bin titi yana turo dusar zuwa gefe, mai bin hanyar ƙafa yana turo tasa zuwa bakin titi, su biyun su haɗu su yi dogon tudu a daidai inda motoci ke fakin. Tudun da ka gani a ƙofarku ke nan. Direban bai yi kuskure ba, kuma ba shi da inda zai kai ta. Ka san yadda ake yasar kwata a gida, a tara dagwalon a bakin hanya ana jiran motar da za ta kwashe? To, matakin da layinku yake ke nan, bambancin kawai shi ne a nan motar tana zuwa.

A nan Montreal ta sha bamban da birane da yawa. A New York doka ta ɗora wa mai gida share hanyar ƙafa da ke gaban gidansa cikin 'yan awanni bayan dusar ta tsaya, in bai yi ba a ci shi tara, kuma motocin kwashe shara ne ake maƙala wa ƙarfen turewa su share tituna. A Montreal hukumar birni ce ke share hanyar ƙafa. Naka shi ne matattakalar gidanka, da 'yar hanyar da ta fito daga ƙofarka, da haƙo motarka.

Kwashewa ba ta farawa sai dusar ta tsaya an gama turewa, kuma sai abin da ya taru ya kai wajen santimita 10 zuwa 15. Nan ma akwai shawara. Idan hasashen yanayi ya nuna gobe za a yi ɗumi da ruwan sama, ana iya jinkirtawa, don kada a kashe miliyoyi a kwashe abin da zai narke. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi, a gaggauta, domin idan ruwan sama ya jiƙa tudun sannan sanyi ya dawo, ya zama dutse, injin ma sai ya sha wuya. Wanda ke yanke wannan shawara ba ya barci mai daɗi a Janairu, don ko ta ina ya juya akwai masu zaginsa. Da an yi shela, ma'aikata kusan 3,000 da injuna da motoci fiye da 2,000 ne suke fita, wajen rabi na hukumar birni, rabi na 'yan kwangila.

Ka samu dare ɗaya ka tsaya a taga ka kalli yadda ake yi, ya cancanci kallo. Da farko alluna masu ruwan lemo za su bayyana a gefe ɗaya na layin, a kafe cikin tudun ko a rataye a jikin falwaya, suna hana ajiye mota daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma, ko daga 7 na yamma zuwa 7 na safe. Idan lokaci ya yi, janwe ne ke fara shigowa, yana tafiya a hankali, a wasu unguwanni yana buga wata jiniya mai sauka da tashi wadda ba ta kama da ta 'yan sanda. Nan za ka ga mutane na fitowa a guje, wani da kayan barci a ƙarƙashin babbar riga, shebur a hannu, yana haƙo tayar motarsa yana kallon bayansa. Motar da mai ita bai fito ba, a ɗaga ta a yi gaba da ita. Daga nan ƙananan motocin su share hanyar ƙafa su turo komai kan titi, gireda ta zo ta karkata wuƙarta ta jawo tudun daga bakin daɓe, ta miƙar da shi ya zama layi ɗaya dogo a kan kwalta. Sai babban ya iso: injin zuƙa, mai baki cike da murɗaɗɗun wuƙaƙe da ke juyawa suna niƙe dusar, da dogon maƙogwaro a sama da ke feso ta gefe. Tifa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, gudunsu ɗaya, dusar na kwarara cikinta. Cikin minti ɗaya ko biyu ta cika, ta ja gaba, ta bayanta ta shigo gurbinta ba tare da injin ya tsaya ba. A gaban injin akwai mutum a ƙasa da riga mai ƙyalli, yana tafiya yana duba kada a haɗiye abin da bai kamata ba, yana kuma korar masu son tsallakawa. A ƙarshe motar tsakuwa ta bi baya. Gefen layin da ya kwana uku a toshe, cikin rabin awa ya koma fili. Ɗaya gefen kuma sai wani zagayen, saboda in an hana fakin a gefe biyu lokaci guda mutane ba su da inda za su kai motocinsu.

Shi wannan injin zuƙa ɗan garin nan ne. Arthur Sicard ya ƙera shi a 1925, garin Outremont, wanda yanzu gunduma ce a cikin Montreal, ya sayi na farko a 1927. Kafin nan shebur ne da keken doki.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Ɗauki layi mai faɗin mita 15 har da hanyoyin ƙafa, tsawon kilomita 1, dusa santimita 20. Mita kubik 3,000 ke nan tana sabuwa. Turewa da niƙawa suna danne ta ta ragu sosai, amma duk da haka lodin tifa ne masu yawa daga kilomita ɗaya tak. A hunturu guda birnin kan kwashe wajen mita kubik miliyan 12, abin da ya kai lodi 300,000. Injin zuƙa yana cika tifa cikin minti biyu, amma tifar na iya yin kusan awa ɗaya kafin ta je ta juye ta dawo, musamman da rana cikin cunkoso. In tifa ta yanke, injin mai tsada da ma'aikatan da ke kewaye da shi tsayawa suke yi suna kallon juna. A ganina duk wanda yake son ya gane saurin kwashe dusa a kowace gunduma, ya bar ƙirga injuna, ya auna nisanta da wurin juyewa.

Ina ake kai ta? A da kogi ake juyewa. Lardin Quebec ya hana hakan a ƙarshen shekarun 1990, domin abin da aka kwaso daga titi ba farar dusa ba ce: gishiri ne, da baƙin mai, da ƙurar birki, da leda, da duk shara da ta kwanta a ƙarƙashi. Yanzu hanya biyu ce. Akwai ramukan da aka buɗe kai tsaye kan manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, tifa ta ja da baya ta juye, ɗumin ruwan da ke fitowa daga gidaje ya narkar da ita, ta bi ruwan zuwa matatar Jean-R.-Marcotte a gabashin tsibirin. Dabara ce mai kyau, sai dai tana da iyaka, don in aka juye fiye da abin da ruwan zai iya narkarwa, magudanar toshewa take yi. Mafi yawa filayen juji ake kai wa, mafi girmansu tsohon ramin fasa duwatsu na Francon da ke unguwar Saint-Michel, inda tifofi ke jeruwa a bakin gaɓa suna juyewa cikin rami mai zurfin gaske. A filayen da ba rami, irin na Angrignon, wasu injunan ne ke fesa dusar sama ta yi tsauni mai tsawon bene hawa da yawa. Tsakuwa da datti su rufe samansa ya yi baƙi, ya ƙi narkewa har tsakiyar bazara. Baƙo in ya gani a watan Yuni sai ya ɗauka tarin ƙasa ne.

Sai maganar wa ake fara yi wa. Titunan an kasa su mataki uku. Na farko manyan tituna, manyan hanyoyin bas, mashigar asibitoci, manyan titunan kasuwanci, da layukan da suka matse ƙwarai har motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Na biyu matsakaitan tituna, sauran hanyoyin bas da wuraren sauke yara a makaranta. Layukan gidaje su ne na uku. Bayan zubar santimita 20, kammala gari duka kan ɗauki wajen kwana huɗu, in ta fi haka kwanakin su ƙaru. Saboda haka kwana uku a layin gidaje ba latti ba ne. Akwai kuma dokar da ta iyakance awannin tuƙin direban babbar mota, awa 70 cikin kwana 7, sannan dole ya huta awa 36 kafin ya sake sabon zagaye. Idan aiki ya yi tsawo za ka ji an dakata na yini guda, mutane su yi ta surutu, alhali gajiyayyen direba a kan tifa mai lodi cikin layi mai santsi ba abin wasa ba ne. A Fabrairun 2009 mutum uku motocin aikin dusa suka kashe a rana ɗaya a garin nan.

Manyan hanyoyin mota masu gudu kuma, irin su masu lamba 40 da 15, ba na birni ba ne, ma'aikatar sufurin lardi ce ke da su. Don haka in ka ga sun yi fes tun da asuba, wani mai aikin ne daban da kasafinsa daban.

A kan zargin raina talaka, amsata rabi da rabi ce. Jerin fifikon bai san mai kuɗi ba, layin gidaje a unguwar masu hali shi ma mataki na uku ne. A da kowace gunduma ita ke yanke wa kanta ranar da za ta fara kwashewa, sai ka ga an share gefe ɗaya na iyaka, ɗaya gefen yana nan a toshe. Tun daga 2015 babbar hukumar birni ce ke yin shela ɗaya ga kowa. Bambancin da ya rage yawancinsa daga ginin unguwa ne. Inda kowane gida ke da gareji da fili a gaba, titi babu mota, ayari na wucewa ba tsayawa, wani wurin ma kan filin ake fesa dusar ba sai an nemi tifa ba. Inda mutane suka cunkushe, kowane mita na bakin titi akwai mota, aikin ja yake yi. Amma akwai inda ƙorafin ke da gaskiya. Mazauna Saint-Michel, wadda ba unguwar masu kuɗi ba ce, su ke shan ƙara da hayaƙin tifofin da ke kai dusar sauran unguwanni Francon dare da rana. Mai keken guragu, da tsohuwa mai sanda, da uwa mai tura keken jariri, su ma tudun kusurwar titi da kai za ka tsallake da taku ɗaya yana iya tsare su a gida kwanaki. Ni da za a tambaye ni inda za a ƙara kuɗi, kusurwoyin titi da tashoshin bas zan ce, kafin a sayi wani sabon babban inji.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Kasafin aikin dusa na birnin ya kusa dalar Kanada miliyan 200 a shekara. Ka raba da abin da ke zuba, za ka ga kowane santimita yana cin kusan dala miliyan ɗaya. Inda kuɗi irin wannan ke yawo kuma ka san sauran. A 2015 ofishin babban sufeton birnin ya fitar da rahoton da ya nuna wasu 'yan kwangilar kwashe dusa suna haɗa baki su raba yankuna a tsakaninsu, suna tsorata wanda ya nemi shigo musu. Yanzu motocin aikin na ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke, ana kuma ƙirga lodin kowace tifa ta kwamfuta, abin da ya rage damar cuwa-cuwa, ko da yake bai kashe ta ba.

Wani lokaci kuma abin yakan fi ƙarfin kowane tsari. A ranar 4 ga Maris 1971 santimita 43 ta sauka a yini ɗaya da iska mai ƙarfi, gari ya tsaya cak. Ranar 27 ga Disamba 2012 ta zarce wannan, ta haura santimita 45. A Fabrairun 2025 guguwar dusa biyu suka zo a jere, fiye da santimita 70 cikin kwana huɗu. Hanyoyin ƙafa da yawa ƙananan motocin ma ba su iya shiga ba, an dakatar da kwashe shara, aka yi fiye da mako ana loda dusa. Babu birnin da zai sayi kayan aikin da za su ishe shi irin wannan mako, ya ajiye su suna tsatsa shekara goma. 'Yan siyasa kuma sun san abin da dusa ke yi wa kujera. Magajin garin Chicago, Michael Bilandic, ya faɗi zaɓen fid da gwani a 1979 makonni kaɗan bayan guguwar da ta toshe garin, Jane Byrne ta kayar da shi. A Janairun 1999 magajin garin Toronto, Mel Lastman, sojoji ya kira su taya share gari, abin da mutanen Montreal ba su daina yi wa na Toronto tsiya a kai ba har yau.

Sai motar abokin zamanka. Mota ɗaya da aka bari a gefen da za a share tana tsayar da ayari duka, ko kuma a zagaye ta a bar tsibirin dusa da zai daskare ya zauna har bazara. Shi ya sa ba a sassautawa, kuma dubban motoci ake ja a kowane zagaye. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne, a aikin dusa galibi ba a kai mota wurin tsarewa, wani layi ake mayar da ita nan kusa a ajiye. Ya kira 311, lambar wayar hukumar birni, ko ya shiga Info-remorquage, sashen neman motar da aka ja, a shafin intanet na birnin ya sa lambar motar, zai ga inda take. Kada ya bar ta can, don layin da aka kai ta ma ana iya kafa masa alluna gobe.

Abin da za ku riƙa yi daga yanzu ba shi da wuya. Da an yi shelar kwashewa, ku duba layinku safe da yamma. Allunan hanin dare ana kafa su ne kafin ƙarfe 3 na rana, na hanin yini kuma kafin 8 na daren jiya. Birnin na da taswira a intanet da manhajar waya da ke nuna layin da aka tsara, amma allon da ke kan titi shi ne hujja, in sun saɓa shi za ka bi. Akwai filayen fakin da ake buɗewa kyauta da dare a lokacin aikin, sai dai a fitar da mota da sassafe. Kada ku dogara da jiniyar janwe, ba kullum ake jin ta ta taga mai gilashi biyu ba. Wanda zai yi tafiya ya bar mota a titi, ya bar wa wani mukulli. Tayar hunturu wajibi ce a Quebec daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A yawancin gundumomi laifi ne ka kwaso dusar harabar gidanka ka zuba a titi ko a hanyar ƙafa.

Abu biyu kuma da suka shafi rai. Idan dusa ta binne mota, kada kowa ya shiga ya tayar da ita don jin ɗumi sai an haƙe bakin salansa tukuna. Hayaƙin komawa ciki yake yi, iskar gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin mintuna. An yi rashin mutane ta haka a garin nan, kuma sabon zuwa da bai saba ba shi ya fi shiga haɗarin. Na biyu, yara suna son haƙa rami su yi ɗaki a cikin tudun bakin titi. A hana su. Mai injin zuƙa ba ya ganin abin da ke cikin tudu.

Idan kuma abokin naka ya tabbata babu allo a layin lokacin da ya ajiye motar, ko an kafa shi bayan lokacin da ƙa'ida ta tanada, yana da kwana 30 daga ranar da aka ba shi takardar ya ƙi amsa laifi a kotun birni, bayanin yadda ake yi yana jikin takardar. Alƙali hujja zai nema, don haka wanda ya ajiye mota a titi a kwanakin kwashewa ya ɗauki hoton layin daga gaba da baya, yadda falwaya da lokacin za su fito. In ba shi da hoto ko shaida, gara ya biya cikin wa'adin, domin bayan ya wuce kuɗin ƙaruwa yake yi.